Jar Tuta a Ƙofar Ntate Mohapi

"Me ka faɗa masa, Mokete?"

Likeleli ta dafa kantar shagon da hannu biyu. Rediyon da ke bayan Mokete tun safe magana ɗaya yake nanatawa: dusar ƙanƙara mai nauyi za ta rufe duwatsu daga yammacin yau, ƙauyukan ƙasa kuwa sanyi da iska.

"Haba kyakkyawa, ko gaisuwa babu?"

"Duk makiyaya sun sauko jiya, Tlali kaɗai ya rage a kan dutse! Kai ka kai musu garin masara da gishiri a motarka, kai na ba saƙo ka ce masa ya sauko. Me ka faɗa masa?"

Mokete ya sosa ƙeya. Ya daɗe yana zarya gidansu da buhunan sukari, ita ko kallo bai ishe ta ba.

"Cewa na yi babanki ya ce namijin da ke gudun ƙanƙara ba zai auri 'yarsa ba. Wasa na yi fa..."

"Wasa?!"

Ta fice da gudu. Wanda ya san Tlali ya san zuciyarsa. Maraya ne da ya tashi a bayan shanu, kuma shanun sadakinta yake kiwo a can sama. A gaya masa wannan magana? Ai gara ya daskare a tsaye!

Ta tarar da mahaifinta, Ntate Mohapi, wato Baba Mohapi a yarensu, yana jin wuta. Shi ne mai unguwa, in bai kira maza ba babu mai ɗaura sirdi.

"Ntate, don Allah ka tara mutane..."

"A kan wa? Yaron da ba shi da uwa ba shi da uba? Dama ni ban ba shi ke ba."

"Da sunanka aka yi masa ƙarya!"

"To ba ni na yi ba. Rufe min ƙofa, sanyi na shigowa."

Ta fito tsakar gida, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta dubi dutse, gajimare ya riga ya cinye kansa. Wayyo Tlali! Ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake shiga. Sai idonta ya faɗa kan jan bargon da Tlali ya ba ta bara.

Ta fizgo shi. Ta ɗaura a doguwar sandar ƙofar gida, ta ɗaga har sama.

A ƙauyen nan, jan ƙyalle a kan sanda, ai ko yaro ya san an yi yanka ke nan, akwai nama. Kuma a wannan sanyin, wa zai ji nama ya zauna? Kafin ka ce me, ƙauye ya tuttuɗo, maza da mata, kowa da kwanonsa.

"Ntate Mohapi, sa ne ko rago?"

"A ajiye min hanta, haƙorana sun ƙare!" in ji wata tsohuwa, Mme Malineo, wato Inna Malineo.

Mahaifinta ya leƙo, ya ga tuta, ya ga jama'a.

Likeleli ta hau kan dutsen niƙa.

"Babu nama! Ni na ɗaga. Tlali yana can sama shi kaɗai, an ce masa babana ya ce kada ya sauko. In ƙanƙara ta rufe hanya yau, gawarsa za ku ɗauko..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Mme Malineo ta juya, ta ƙare wa mai unguwa kallo sama da ƙasa.

"Mohapi, ni na goya ka. Da sunanka za a kashe ɗan mutane kana jin wuta? Tir!"

Ntate Mohapi ya shige ɗaki, ya fito da sirdi a kafaɗa. Maza suka zubar da kwanuka, kowa ya nufi dokinsa.

Sai jira. Kai, jira bala'i ne! Ta hura wuta, ta bar ta ta mutu, ta sake hurawa. Tuwon masarar da ta ɗora ya ƙone ƙurmus. Da la'asar dusar ta fara sauka har ƙauye, yara na tsalle suna kamawa da baki, ita kuwa kowace ƙwaya ji take a kan ƙirjinta take faɗuwa.

Gab da faɗuwar rana aka ji haniniya.

A kan dokin mahaifinta suka kawo shi, naɗe da bargon mahaifin nata, leɓɓansa sun tsage. A bakin mashigar dutse suka same shi, ƙanƙara har gwiwa, yana jan wata maraƙa. Sauran shanun sun ɓace a cikin dusar ƙanƙara.

"Tlali! Masoyina..."

"Likeleli, ban gudu ba. Ki gaya wa Ntate ban gudu ba... amma shanunki sun tafi."

"Shanu na ce ina so? Wawa kawai! Wawana..."

Ta riƙe yatsunsa masu sanyi kamar ƙarfe, tana hura musu iska tana kuka.

Ntate Mohapi ya sauko, ya daɗe yana kallon jan bargon da ke kaɗawa a ƙofarsa. Likeleli ta sunkuyar da kai, tana jiran faɗa.

"Tun da na gina gidan nan tuta ba ta taɓa yin ƙarya a ƙofata ba," ya ce. "A kamo babban ragon nan a yanka."

Jama'a suka ɗau shewa, aka shiga tsintar kwanuka. Har Mokete, marar kunya, ya raɓo da nasa. Mme Malineo ta karɓe ta kife masa shi a ka.

Da nama ya nuna, Ntate Mohapi ya miƙa wa 'yarsa kwanon farko, bai ko dube ta ba.

"Ungo. Kai wa surukina, hannunsa ba zai riƙe ba tukuna."