Jirgin Safe Zuwa Apia

"Idan kika taka jirgin ruwan nan tare da shi, Fuatino, kada ki dawo min gida!"

Mama ta faɗa tana kankare kwakwa da ƙarfi, kamar kwakwar ce ta yi mata laifi.

"Mama, taro fa zai je... taron masu son barin giya."

"Yayanki sau nawa ya ce ya bari? Yanzu yana ina?"

Fuatino ta dubi kabarin yayanta Lafaele da ke ƙofar gida, inda ƙannenta ke zama su sha iska. A buge ya tuƙa motar da ta kashe shi. Ta ɗaura zanenta ta fita tana share hawaye.

Saurayinta Peniamina masunci ne, kuma muryarsa a ƙungiyar waƙar coci ce ta fara sace zuciyarta. Sai dai duk dawowarsa daga teku a kan kwalba take ƙarewa. Ranar da ya farka a cikin kwalekwale, ruwa ta ko'ina, bai san yadda ya shiga ba, ranar tsoro ya kama shi. Wani direban bas ne ya raɗa masa cewa ana haɗuwa duk Asabar a bayan wata coci a birnin Apia, inda ba wanda ya san shi.

A jirgi teku ta kwanta luf, tsibirinsu na Savai'i yana narkewa a bayansu cikin hazo. Hannunsa na rawa. Ta ɗora nata a kai.

"Mai fuskantar kifin shak ne yake ɓari haka?"

"Kifin shak ba ya tambayar sunana, masoyiya."

"To ni zan ara maka nawa."

Ya yi murmushi, ita kuwa ta lumshe ido tana hango ɗan gida a bakin ruwa, da yara masu irin muryarsa...

Da suka isa, ƙofar ɗakin taron a kulle take.

"Kin gani? Mu koma kawai!"

"Peni, don Allah..."

"Kai sabo ne, ko?" Wata tsohuwa ce da jan fure a kunne, riƙe da butar koko. "Sunana Sialei. Zafi ya kore mu, muna can ƙarƙashin mangwaro."

"Kuna? Har da ke, Kaka?"

"Au, ka ɗauka maza kaɗai suka iya kwalba? Tun ba a haife ka ba nake kayar da irinku! Karɓi butar nan, wuce mu je."

Fuatino ta zauna nesa a kan dakali. Iska na kawo mata guntayen magana, dariya, sai shiru. Can ta ji muryar da ta fi sani a duniya tana karyewa.

"Sunana Peniamina... giya ta fi ƙarfina."

"Barka da zuwa, Peniamina!" suka amsa baki ɗaya.

Ya fito ido jajir, amma kafaɗarsa a sake.

"Ba wanda ya yi min wa'azi, Tino. Sun ce kada in yi alkawarin har abada. Yau kaɗai zan riƙe."

Mama ba ta kore ta ba, ta dai daina yi mata magana. Abinci a ajiye, fuska a juye. Haka watanni suka shuɗe, Peni bai fasa jirgin Asabar ba.

Sai a bikin ɗan kawunsa aka miƙa masa kwalba, ya karɓa.

Washegari da hantsi sai ga shi a gidan su Fuatino. Ya zauna a ƙasa, ya harɗe ƙafa, kansa a sunkuye. Fuatino ta ji kamar ta nutse.

"Mama, jiya na sha. Ba wanda ya gan ni daga gidan nan, amma gara ki ji daga bakina. Na kira Sialei, ranar Asabar zan koma in fara daga farko. Idan kin hana ni Tino, ba ki zalunce ni ba."

Mama ta daɗe tana kallonsa.

"Lafaele bai taɓa ce min ya sha ba," ta ce a hankali. "Ko sau ɗaya... Ni ma ban taɓa bari ya faɗa ba."

Ta tashi ta shige bayan gida.

Ranar Asabar suna zaune a jirgi, sai inuwa ta faɗo musu. Mama ce, da farar hularta ta coci da kwandon gwaza mai zafi.

"Mama!"

"Rufe bakinki, ƙuda zai shiga. Ba na aurar da 'yata ga mutumin da ban ga abokansa ba." Ta juya ga Peni, muryarta ta yi ƙasa. "Wannan taron naku... akwai wurin iyayen da giya ta raba da 'ya'yansu?"

"Akwai, Mama. A ɗakin gefe suke zama."

Ta gyaɗa kai, hawaye na gangaro mata.

"To matsa min, ɗana."