Saura Kashi Ɗaya

Ni Zayyanu, shekara tara ina gyaran kwamfuta a Bodinga, kuma ba cika baki ba, babu wanda ya kai ni iya lallaɓa tsohon batir. Duk wanda ya kawo mini laftof sai ya sha wa'azi: rage hasken allo, kashe wayarles, zare filas, kada ka ɗora ta a kan katifa, domin zafi ne ajalin batir. To wannan wa'azin nawa ne ya kai ni ya baro.

Badaru ɗan Gwaggo Tani ne, ƙanwar mahaifina. Shekara shida ke nan da ya tafi Aljeriya neman aiki. Ta ce kada ya tafi, ya sa ƙafa ya fita, tun daga ranar ba ta ƙara ambaton sunansa ba. Da ya ji ciwonta ya yi tsanani, sai ya turo mini bidiyo na minti goma yana neman gafararta, ya roƙe ni kada kowa ya san abin da ke ciki kafin ita. Ƙauyenta yana gaba da Shagari, ba wuta, ba sabis. Babbar wayata ta lalace, ga idon Gwaggo ya yi rauni, sai a babban allo za ta gane fuskarsa. Batirin laftof ɗina kuwa, in an lallaɓa shi, minti arba'in yake yi.

Na cika shi taf, na rage haske, na rufe duk abin da ke cin caji. Amma don gaggawa sai na kifa murfin kawai, ban kashe ta ba. Ni fa, mai wa'azi!

Na wuce Shagari rana na faɗuwa, na sauka daga kwalta na kama hanyar fadama. Warin albasa da danshi ya cika iska. Can na ji bayana, inda na goya jakar laftof, yana ɗumi. Na tsayar da babur a gindin wata tsamiya, na zuge jaka. Fankar ciki na ta gurnani, jikin laftof ɗin kamar murfin tukunya. Saura kashi sittin da biyu.

Hankalina ya tashi. Na ga yashi mai sanyi tsakanin saiwoyin tsamiyar, na ɗora ta a kai don ta huce. Tun muna yara ake hana mu zuba ruwan zafi a ƙasa da magariba ba bisimilla. Wallahi bai taɓa zuwa raina cewa laftof ma abin zafi ce ba.

Sai na ji cuuu, kamar an tsoma ƙarfen maƙeri a ruwa.

Jariri ya tsala ihu daga ƙarƙashinta.

Kwaɗin fadama suka yi tsit. Ƙaurin gashi ya bugi hancina. Na kai hannu zan ɗauke ta, yatsuna suka sandare a cikin yashi.

"Bawan Allah," wata murya ta raɗa daf da kunnena, muryar mace, numfashinta sanyi ƙalau. "Mi ɗana yay yi maka?"

Ban iya waiwayawa ba. "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ban gani ba. Saƙo na ɗauko. Wata uwa na can tana jiran ɗanta, ba ta da sauran lokaci."

"Ni ba uwa ba ce?" Jaririn na ta shiɗewa. "Ka sa shi kuka. To ka ba shi abin kallo har ya yi shiru."

Murfin ya ƙarasa buɗewa da kansa. Hasken allo ya haye har ƙarshe. Sauti ya haye har ƙarshe. Fuskar Badaru ta bayyana a gindin tsamiya, yana hawaye yana cewa, "Inna, ki yafe mini."

Idona na kan ɗan hoton batir. Hamsin. Arba'in da ɗaya.

Wasu 'yan yatsu da ba na gani suna shafa allon, suna barin danshi.

Bidiyon ya ƙare, ya koma farko.

"Don Allah, ko hasken ne ki bari in rage."

Hasken bai ragu ba. Sha tara. Duk dabarun da na sani suna kaina, ga madannin taƙi ɗaya daga hannuna, na kasa. Na yi kuka kamar yaro.

Shida. Kukan jaririn ya koma ajiyar zuciya.

Ɗaya.

Murfin ya rufe a hankali.

"Ya yi barci," in ji ta. "Tafi. Kada in ji muryarka ta tashe shi."

Ban san yadda na tuƙa babur ba. Na iske Ummukulthum, 'yar Gwaggo, ta jingina uwar a ƙirjinta. Na durƙusa na buɗe laftof a gaban idonta. Fuskar Badaru ta fito, ya ce, "Inna," allon ya yi baƙi.

"Na'am, Badaru," in ji Gwaggo. Ta jira. Sannan ta juyo da idonta wajena. "Zayyanu, mi yac ce?"

Sau uku na ji saƙon nan, na haddace shi kaf. Na buɗe baki, ko iska ba ta fito ba. Na nemi in rubuta a ƙasa, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Ummukulthum tana girgiza ni tana cewa, "Yaya, yi magana mana!" Gwaggo ba ta ɗauke idonta daga bakina ba har aka kira isha'i, ta cika.

Sai bayan kwana uku muryata ta dawo. Laftof ɗin tana nan a shagona. Ko ta kwana a jone ba ta wuce kashi ɗaya, kuma jikinta kullum sanyi kamar randa. Na daina yi wa kowa wa'azin batir.

Badaru yana kirana duk Juma'a. Tambayarsa ɗaya ce: "Zayyanu, ta yafe mini?" Nakan ce masa ta amsa kiransa da na'am. Sai ya ce, "Daga nan fa?"