Tukunya Mai Huji a Ɗakin Haihuwa

Sufeto Mudassir ya ga sata iri-iri a kwamisariyar 'yan sanda ta Agiye, amma bai taɓa jin ɓarawon da ya bar tukwici ba sai ran da ungozoma Sumaiya ta kira shi.

Ya isa ƙaramin asibitin ƙauyen da hantsi, yatsunsa sun ƙage a kan babur. Asibitin ya yi wa sanyi shiri iya ƙarfinsa: an toshe tagogi, an jibge barguna, an tanadi maganin tari da na ciwon ƙirjin yara. Abin tunƙahonsu kuwa fitilar ɗumama jarirai ce mai aiki da batirin sola. Ita ce ta yi ɓatan dabo, har da batirin.

"Jiya da la'asar na goge ta," in ji Sumaiya. "Yau da asuba aka kawo Nazira bisa amalanke tana naƙuda, na buɗe ɗaki, wayam. Ga shi bakwaini ta haihwa. Na ɗaura shi ga ƙirjinta na lulluɓe su, amma ko kuka bai iyawa. In sanyi ya shige shi, ba ya kai babban asibitin Maraɗi."

Mudassir ya leƙa. Hannun jaririn bai fi ɗan yatsansa kauri ba.

Ba a fasa kwaɗo ba. A gurbin fitilar kuma ga wata tukunyar ƙasa an hurhuda jikinta, cike da gawayi, har da ashana a gefe.

"Taku ce?"

"Wa ke hura gawayi cikin ɗakin haihuwa? Hayaƙin kaɗai ya isa ya kashe jinjiri."

Sufeton ya durƙusa, ya juya tukunyar, ya shinshina. Ɗabi'arsa ke nan, komai sai ya kai masa hanci, har abokan aiki na tsokanarsa. A cikin wani huji ya zaro ɗan gashi rawaya mai laushi.

Ya kira Garba mai gadi.

"Ranka shi daɗe, ban motsa daga ƙofa ba."

"Rigarka na warin hayaƙi. Ina tokar wutar da ka ji?"

Garba ya duba ƙasa, ƙasa ba ta ba shi toka ba. Ya sosa ƙeya, ya ce ya ɗan leƙa wajen mai shayi ne ya gasa ƙafa.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ungozoma, sai Alhaji Tahiru, shugaban kwamitin asibiti. Shi ne ma uban Nazira. An aika gida, an ce shina gona tun jiya."

Mudassir ya nuna masa tukunyar. "Ka san wannan?"

"Ai ta masu kaji ce. A hura gawayi, 'yan tsaki su kewaye ta."

"Wa ke kiwon tsaki a garin nan?"

Garba ya saci kallon hanyar gonar Alhaji. Mudassir bai jira amsa ba, ya ɗaure tukunyar a bayan babur.

Alhaji Tahiru ya tare shi a bakin ɗakin kaji, da babbar riga da rawani, hannu a ƙirji.

"Sata? Subhanallahi! Ni da na yi ta kai-kawo har aka ba mu fitilar nan?"

"Zan iya shiga?"

"Baƙo bai shiga, Sufeto. Takalmi na kawo musu cuta."

"Da mi kake ɗumama su?"

"Gawayi, kamar kowa."

Mudassir ya shaƙi iska, babu hayaƙi ko kaɗan. A jikin bango ga tukwane masu huji a jere, duk a sanyaye, da giɓi guda a tsakiyarsu inda gindi ya bar shaida a ƙasa. Ya kwance tasa tukunyar ya ajiye a giɓin. Ta zauna daram.

Ya tura ƙofa. 'Yan tsaki na ta walwala a ƙarƙashin fitilar asibiti.

Alhaji ya sulale ya zauna a kan buhun dusa.

"Aro na yi, wallahi. Hayaƙi ya kashe mini rabinsu. Na tambaya, aka ce babu mai haihuwa kusa. Na ma bar musu tukunya, saboda ko-ta-kwana."

"Hayaƙin da ya kashe kaji ka bar wa jarirai?" Ran Mudassir ya ɓaci sosai. "Nazira ta haihu da asuba. Bakwaini."

Alhaji ya miƙe zumbur, ya shiga kwance fitilar.

Shi aka ɗora wa batirin a cinya har asibiti. Sumaiya ta haɗa waya, ta kwantar da jaririn a ƙarƙashin hasken. Can sai ɗan ya motsa ƙafa, ya saki wani siririn kuka. Garba ya yi hamdala da ƙarfi.

Motar polis ta iso, aka sa wa Alhaji ankwa. Ya roƙa a bar shi ya ga jikansa. Mudassir ya kai shi bakin ƙofa.

Nazira ta ɗago daga cikin bargo, ta dubi ankwar, ta dubi ubanta.

"Baba," ta ce a hankali, "kajin sun kwana lahiya?"

Alhaji ya juya da kansa ya nufi mota.