Madarar Mai Feshi

Warin ne ya riga shi shigowa shagon. Wari kamar an haɗa kalanzir da tafarnuwa, sannan wani dogon saurayi ya biyo baya cikin shuɗiyar rigar aiki, bayanta jiƙe sharkaf har wando.

"Madara gwangwani ɗaya," ya ce. Ya huda ta da mabuɗi, ya shanye a tsaye.

Shagon na Hajiya Mairama ne, a bakin layinsu a unguwar New Bell, 'yarta Ikhlas kan zauna mata in ta taso daga ofis. Da ta ga kullum la'asar sai ya zo, ta kasa haƙuri.

"Malam, da wuri aka yaye ka ne?"

Ya yi dariya har ya ƙware. "Magani ne, mademoiselle. Feshin ƙwari nake yi a sito a Bassa, masara da wake. Madara ke wanke gubar."

"In ji wa?"

"Patron ɗinmu, mai siton. Kowa ma ya sani."

"Bayanka fa?"

"Tankin ne ke yoyo. Kafin magariba ya bushe."

Sunansa Jibirin. Kafin damina ta ƙare ta sa masa Jaririna, shi kuma Madarata.

"Madarata, yau sito kamar tanda, amma da na tuna dariyarki sai na ji iska."

"Jaririna, ka yi wanka kafin ka zo. Je t'aime, ina son ka, amma hancina bai yarda da kai ba."

Da magabatansa suka je neman aure, mahaifinta Alhaji Bukar, mai shagon atamfa a kasuwar Marché Congo, ya karɓe su hannu biyu. Hajiya ce ta ƙi.

"Alhaji, ka bincika kuwa? Masu feshin siton nan, Tahir da abokansa, duk sun daɗe da aure. Gidan wa aka taɓa yanka ragon suna? Ga Hayatu ɗan ƙanwata yana aikin banki, tun yaushe yake bin yarinyar nan."

"Haihuwa ta Allah ce, Hajiya."

"Ta Allah ce. Ya je asibiti a gwada shi."

Jibirin ya tafi yana raha. Da ya koma jin sakamako, likitan bai yi raha ba.

"Ƙwayoyin haihuwarka kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu ma ba sa motsi. Tun yaushe kake feshi?"

"Tun ina saurayi ƙarami."

"Da safar hannu? Da takunkumi?"

"Zafi ba ya bari, docteur. Amma ina shan madara."

Likitan ya ajiye biro. "Madara ba ta wanke komai. Ta fata maganin ke shiga, da numfashi. Wandon da ke bushewa a jikinka, kullum jikinka ke shanye abin da ke ciki. In ka daina, wasu kan farfaɗo bayan watanni. Wasu ba sa farfaɗowa. Ba zan yi maka alkawari ba."

Jibirin ya ce na gode, ya fito. Ya jira ransa ya ɓaci, bai ɓaci ba. Masu babur na ta yi masa oda yana tsakiyar titi, ya ji su kamar daga nesa. Ya ci abinci bai ji gishiri ba. Washegari ya goya tankinsa ya koma aiki, ruwan maganin na bin bayansa kamar kullum. Da la'asar ya wuce shagon ta ɗaya gefen titi.

Saƙonsa ya shigo wayar Ikhlas: "Ikhlas, ki auri Hayatu. Na fasa. Kada ki tambaye ni."

Ta karanta, ta kife wayar, ta ci gaba da jera sabulu. Ba ta yi kuka ba. Ta je ofis, ta dawo, ta amsa gaisuwa. Hayatu ya fara zuwa da mota, tana zama ta saurare shi kamar rediyo.

"Mai feshinki na gani a bakin ruwan Youpwé," ya ce wata rana yana murmushi. "Da wata mai kifi, Fauziya. Tana kuka yana lallashi."

Wannan ne ya tashe ta. Ranar Asabar ta hau babur har bakin ruwa, ta sami Fauziya a gaban bandar kifi.

"Ke ce ta Jibirin?" Fauziya ta goge hannu a zani. "Ni matar Tahir ce, abokin aikinsa. Zuwa ya yi ya gaya wa mijina abin da likita ya ce masa, ya roƙe shi ya je a duba shi. 'Yar'uwa, shekaru dangin miji suna ce mini juya. Babu saiwar da ban sha ba. Kukan da na yi ke nan."

Ikhlas ba ta koma gida ba. A Bassa ta same shi a ƙofar sito, tanki a baya.

"Sauke wannan abin."

Ya dube ta kamar bai gane ta ba.

"Na ce ka sauke, Jaririna. Na san komai."

Ya zare igiyar a hankali. "To kin san ba ni da abin ba ki."

"Ranar da ka shigo shagonmu yaro na tambaye ka? Wa ya ba ka izinin yanke mini hukunci ta waya?"

"Wataƙila har abada ne, Ikhlas."

"Na ji. Wataƙila kuma ba haka ba ne. Duk wanda ya zo, tare nake so ya same mu. Amma da bakinka za ka gaya wa Mama."

Ya je. Ya durƙusa gaban Alhaji da Hajiya ya faɗi maganar likita, bai rage ko kalma ba. Hajiya ta dube shi. Zarginta ya tabbata, amma fuskarta ba ta nuna ta ci nasara ba.

"Tun da nake," ta ce, "mata nake gani ana ɗora wa laifin rashin haihuwa. Ban taɓa ganin namiji ya zo da ƙafarsa ya ce daga gare shi ne ba." Ta juya ga 'yarta. "Kin ji dai? Ƙawayenki za su yi ta suna."

"Zan je in ci tuwo, Mama."

"Feshi dai ya ƙare," in ji Alhaji. "Litinin ka same ni a shago, ka koyi yankan yadi."

An ɗaura aure wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Fauziya ta kawo kwandon kifi, Tahir na biye da ita kansa a ƙasa, shi ma ya ajiye tankinsa.

Da aka raka amarya, tsofaffi suka yi ta addu'ar Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Jibirin ya sunkuyar da kai. Hajiya ta dafa kafaɗarsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku rufa wa juna asiri. Sauran kuma yana hannunsa."

Da ɗaki ya rage su biyu, Ikhlas ta kama wuyan rigarsa ta shinshina.

"Sabuwar atamfa," ta ce. "Yau hancina ya yarda."

Ta ciro gwangwanin madara daga jakarta ta ajiye kusa da butar shayi. "Wannan ta shayi ce kawai."

Jibirin ya buɗe baki zai yi dariya, sai kuka ya zo, na farko tun ranar asibiti. Ta riƙe kansa har ya gama. A tsakar gida Hajiya ba ta daina sa albarka ba, su biyun suka amsa tare, a hankali: "Amin."