Rediyo da Fuskar Aro

Ranar da Rediyo ya fara ganinta, ciwon haƙori ne ya kulle masa baki. In ba don haka ba da wannan labarin bai faru ba, domin duk layin an san shi: mai aski ne da ba a taɓa jin shagonsa shiru ba, yana aski yana zuba, yana kwaikwayon muryar duk wanda ya gifta. Abokansa ne suka laƙaba masa Rediyo har ainihin sunansa ya ɓace.

Daga wajen likitan haƙori yake, ruwan sama ya tare shi, ya fake a bakin wani shagon tsofaffin littattafai. Ya ja wuyan rigar sanyinsa ya rufe kumburin kumatunsa, ya jingina da ƙofa fuska a murtuke, yana hararar ruwan.

“Ka shigo ciki mana, feshi na taɓa ka.”

Ya waiga. Tana tsaye a kan ɗan tsani da tsumma a hannu, tana goge kantar littattafai, idanunta a kansa. Maganganu kusan goma suka taso masa lokaci guda, amma haƙorin bai ba shi izinin ko ɗaya ba. Sai ya girgiza kai kawai, ya mayar da kallonsa waje.

Ta sauko, ta zaro wani littafi da bangonsa ya ji jiki, ta miƙa masa. A bangon an zana wani ƙato cikin baƙar alkyabba, ya dafa takobi, bayansa wani gari na cin wuta, shi kuwa ko a jikinsa.

“Kun yi kama,” ta ce tana murmushi. “Shi ma ba ya magana sai dole. Ka tafi da shi, in ka gama ka dawo min da abina.”

Haka ya tafi da littafi a hammata, zuciyarsa kuwa ya baro ta a shagon.

Littafin irin na takobi da tsafi ne. Jarumin ba shi da gari ba shi da dangi, takobinsa na haya ne, ba ya dariya, ba ya ba da haƙuri. Yakan sare matsafi ya ceto gari, mutanen garin su fito godiya, shi kuma ya ja dokinsa ya yi gaba ba sallama. Da Rediyo ya koma mayar da littafin, haƙori ya warke sarai, bakinsa har ƙaiƙayi yake. Amma da ta ɗago ta gan shi fuskarta ta haskaka, ta ce, “Baƙin Jarumina ya dawo,” sai ya haɗiye duk abin da ya shirya, ya ɗaure fuska. Daga nan ya shiga uku.

Ta ci gaba da ba shi littattafai, shi kuma yana karanta su kamar mai shirin jarrabawa. A ciki ya koyi tsayuwa, ya koyi kallon nesa, ya koyi amsa tambaya da kalma ɗaya. Wata rana ya daure ya tambaye ta me take gani a irin waɗannan mutane.

“Kowa na jin tsoronsa, ni kaɗai na san abin da ke cinsa,” ta ce. “Ba mugu ba ne, an ɓata masa ne. Ba ya yi wa kowa daɗin baki, shi ya sa in ya ce yana son ki, kin san ba wasa. Masu surutun nan kuwa, abin da suka gaya miki shi za su gaya wa ta gaba.”

Ya ce, “Haka ne.”

Saƙonninta dogaye ne. “Jarumina, yau na sayar da littafi biyu kacal, ragowar lokacin tunaninka na yi. Ban san me aka yi maka a baya ba, amma zan jira har ranar da za ka buɗe min. Ka ci abinci, don Allah.”

Yakan rubuta amsa ta cika allon waya, da zolaya da kirari, sai ya goge ya tura: “Na ci. Ki kula da kanki, Zumata.” Sannan ya kifa kai a kan teburin aski yana jin kamar ya yi ihu.

Shagon littattafan na mahaifinta ne, dattijo mai son hira da dariya. Da magana ta yi nisa, Baba ya ce a turo masa yaron ya gan shi. A falo aka sauke shi. Yayarta na zaune a gefe tana ninke kayan yara, ita kuma ta kawo shayi ta tsaya a bakin labule tana kallonsa da alfahari. Da ba ta tsaya a nan ba, da Rediyo ya sa Baba dariya har da riƙe ciki.

“Samari, me ake taɓawa?”

“Aski, Baba.”

“Madalla. Ai masu aski akwai labari. Me ake ciki a gari?”

“Ba komai.”

Baba ya gyara zama. “To, me ka gani a wajen 'yata har kake son ta?”

Rediyo na da amsa da za ta kai su la'asar. Amma jarumin littafi ba ya amsa irin wannan tambaya. Sai ya kai dubansa taga, ya yi shiru mai tsawo. Yaya ta ajiye rigar da ke hannunta, ta tashi ta bar falon.

Da yamma saƙo ya shigo. “Baba ya ce a'a. Ya ce ya taɓa ba da 'ya ga mutumin da ba a ganin cikinsa, ga Yaya nan ta dawo gida da yara, mijinta sai ya yi wata bai ce mata uffan ba, ba faɗa ba dalili. Ya ce ba zai sake ba. Mai kemis ɗin kusa da shagonmu ya daɗe yana yi masa magana a kaina. Jarumina, ka yi wani abu.”

Ya karanta, ya sake karantawa. In ya saki baki ya samu Baba, ya rasa ta. In ya ci gaba da ɗaure fuska ya riƙe ta, Baba ya hana. Ya rasa inda zai sa kansa.

Washegari abokansa suka cika shago, suka matsa sai ya gaya musu abin da ke damunsa. Shi kuwa Rediyo bai iya ba da labarin baƙin ciki ba sai ya mayar da shi abin dariya. Ya yafa baƙin ƙyallen aski a kafaɗa, ya ɗaga almakashi kamar takobi, ya murtuke fuska, ya ce da ƙatuwar murya, “Ni ne wanda ba ya dariya. Ku kawo min matsafi, in ba matsafi ku kawo min shayi.” Shago ya kaure da dariya, har wani ya faɗo daga benci.

A madubi ya gan ta. Tana tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura da kukan da ta sha, ta zo neman wanda za ta jingina da shi.

“Ashe abin dariya na zama,” ta ce a hankali. Ta juya.

Ya bi ta da ƙyallen a kafaɗa, yana kiran Zumata, ta shige motar haya ba ta waiga ba.

Ya kira, ba ta ɗaga ba. Ya tura saƙo. “Wallahi ba ke nake yi wa dariya ba, kaina nake yi wa. Ki bari in yi miki bayani.” Shiru. Ya sake turawa. “Ko zagina ne ki yi, kar dai ki yi min shiru.” Sai can amsa ta zo: “Ban san wanda ke rubuto min ba. Na gaya wa Baba duk abin da ya yanke na yarda.”

Yanzu kam shirun gaske ya same shi. Abinci ya ƙi shiga, aski ya koma yi kamar an sa shi dole, kwastomomi suna tambaya ko rasuwa aka yi masa. Fuskar da ya sha wahalar arowa ta zauna masa daram, kuma ba mai kallonta. Da labari ya iso masa cewa mai kemis na shirin turo manyansa, sai ya ajiye injin aski, ya bar wani da aka yi wa rabi, ya ce wa abokin aikinsa ya ƙarasa, ya fita da tsakar rana, ya nufi shagon littattafan.

Baba na zaune a bayan kanta. Ita kuma tana can ciki tsakanin littattafai, ta ba shi baya.

Ya durƙusa. “Baba, sunana Rediyo. Duk layinmu ba wanda ya kai ni surutu. Ranar da na zo gidanka ƙarya na yi, ba da baki ba, da fuska. Ka tambaye ni me na gani a wajenta. Baba, tana goge littafin da ba wanda zai saya kamar tana yi wa jariri wanka. In tana ba da labari hannunta ma magana yake. Ta ba baƙo littafi ba ta san ko zai dawo ba. Na ji tsoro in ta san ni za ta raina ni, shi ya sa na zama wani.”

Baba ya cire tabarau ya ƙare masa kallo. “Ashe da baki a jikinka. To ni ba ni ka yi wa laifi ba. Ga ta can.”

Ba ta juyo ba. “Littattafan da na ba ka, duk dariya kake yi musu?”

“Na karanta su tas, wasu sau biyu. Ina son faɗan, ina son yadda ba ya rusuna wa azzalumi. Amma duk ƙarshen littafi raina ɓaci yake. Yarinya ta yi jinyarsa, ta ɗaure masa rauni, shi kuma ya hau doki ya tafi. Ji nake kamar in shiga in riƙe linzamin in ce, malam, sauko ka yi mata magana. Ke kina son sa ne don marubucin ya shigar da ke cikin zuciyarsa. Matar da ke cikin labarin fa? A waje take, kamar Yaya.”

Kafaɗarta ce kawai ta motsa. Ya ga tana kuɓuce masa, sai ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

“Kin ce za ki jira in buɗe miki. Ina ƙarami Ummata ta rasu. Daga ranar Babana ya daina magana. Mu biyu ne a gidan, sai ƙarar cokali. Na fara kwaikwayon maƙwabta ne don in ga ko zai yi murmushi. In ya yi, ranar na ci abinci da daɗi. Har ya koma ga Allah ban daina ba, kuma har yau in wuri ya yi shiru gabana faɗuwa yake. Shirun da na yi miki shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Wannan da kika yi min kuma ya kusa kashe ni.”

Mutumin da ke sa layi guda dariya ya durƙushe a tsakanin tsofaffin littattafai yana share hawaye da bayan hannu.

Ta juyo a hankali, ita ma fuskarta a jiƙe. “Abokanka sun san wannan?”

“Ba wanda ya sani. Sai ke. Sai Baba, tunda ya ƙi tashi.”

Baba ya yi tari yana laluben hankici. “Shagona ne, ina za ni?”

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka. Ta matso kusa. “Ban huce ba fa. Duk saƙon da ka taƙaice min sai ka faɗa min cikakkensa.”

“Zumata, za ki gaji.”

“Ni zan faɗa in na gaji.”

Baba da kansa ya je ya ba mai kemis haƙuri. Sai dai Baban bai amince da auren nan take ba, ya ce Rediyo ya riƙa zuwa gida hira har ya gamsu. Ya riƙa zuwa. A zuwa na farko yara suka maƙale masa, a wani zuwan kuma aka ji Yaya na dariya daga kicin, abin da aka daɗe ba a ji ba a gidan. Ranar ce Baba ya ce ya turo manyansa.

Aka ɗaura aure cikin 'yan uwa da abokan arziki, masu askin layin duk suka rufe shago suka zo. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun ango ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

“Ba na roƙon ka kar ku yi faɗa, za ku yi. Abu ɗaya nake roƙo. In ranka ya ɓaci, ka gaya mata. Kar ka bar min 'ya tana karantar fuska.”

“Na yi alkawari, Baba.”

Baba ya juya wajen 'yarsa. “Ke kuma ranar da kika ji ya yi shiru, ajiye littafin ki je ki zauna kusa da shi.”

Ta gyaɗa kai cikin mayafi, ta lalubo hannun mijinta ta damƙe.

“Allah ya yi muku albarka,” in ji Baba. “Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa kar gidanku ya taɓa yin shiru.”

Duk wurin aka amsa da amin. Ango ne kaɗai ya kasa, sai da amarya ta amsa a madadinsa.