Zoɓon da Ya Ƙi Canza Launi

Ranar Litinin da safe, a makarantar 'yan mata da ke Kabo, Malama Zubaidatu mai koyar da kimiyya ta tsaya gaban 'yan aji biyu da kofin zoɓo a hannu.

"Zoɓo ɗan tonon asiri ne," in ji ta. "In ya haɗu da abu mai tsami, kamar lemon tsami, sai ya ƙara ja. In ya haɗu da dangin kanwa, kamar toka ko sodar sabulu, sai ya koma kore."

Ta zuba cokali ɗaya na sodar da ta ɗebo daga sito. Zoɓo ya tsaya ja abinsa. Ta duba ƙwayoyin da kyau, sai ta ga gishiri ne. Da aka duba sito, sai aka ga an kwashe rabin buhun soda, an cike saman da gishiri.

Kafin a fita tara, shugaban makaranta Malam Sajo ya gama yanke hukunci daga kan kujerarsa, yadda manyanmu suka saba.

"Bilki mai dafa abinci ce ta ɗiba. Kowa ya san tana sabulu a gida. Gobe a miƙa ta gaban alƙali, mu huta."

A shekarun nan na Shari'a, kalmar sata ba ƙaramin abu ba ce, kuma da aikin nan Bilki take riƙe marayu huɗu.

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar," in ji Malama.

Mutum uku ne ke shiga siton: Bilki, da Nata'ala mai gadi, da Mijinyawa mai riƙe da makulli. Malama ta ɗauki butar zoɓo ta nufi can. A kan simintin baranda ta ga ɗigon wani farin abu da ya bushe, daga ƙofar sito har ƙarshen baranda, inda ake ajiye babura. Ta tsiyaya zoɓo a kai. Nan take ya koma kore. Ashe mazubin ɓarawo ya yi yoyo.

Ta sami Bilki a madafa, idonta ya yi ja.

"Inna Bilki, in za ki ɗebi soda, za ki zuba a kwanon silba?"

"Silba kuma, Malama? Ko ƙaramar 'yata ba za ta yi haka ba. Da ta ji danshi cinye kwanon take yi. Sai dai roba."

Nata'ala yana bakin ƙofa yana cin tuwo a akushi.

"Baba, kana da babur?"

"Ga su nan guda biyu," in ji shi, yana nuna ƙafafunsa. "Ba sa shan mai."

Mijinyawa kuwa kullum daga Gwarzo yake zuwa a babur, da kwanon abincinsa na silba ɗaure a baya. Yau a leda ya kawo abincin.

"Malam Mijinyawa, ina kwanon nan naka?"

"Ya ɓata."

"Yaushe?"

"Ranar Juma'a, ina jin."

Malama ta kira Malam Sajo da 'yan ajinta bakin babur ɗin. Ta zuba zoɓo a kan ƙarfen ɗaurin kaya. Koren ruwa ya gangaro ƙasa.

"Ku duba," ta ce wa yaran. "Soda ba ta taɓa roba, amma tana cin silba in akwai ruwa. Wanda ya ɗebe ta ya zuba ne a kwanon da ya wanke bai bushe ba, ya ɓoye har aka tashi. Kafin nan ta huda gindin. Mai sana'ar sabulu ba za ta yi wannan kuskure ba."

Mijinyawa ya sunkuyar da kai. Ya ce matarsa ce ke son fara sabulu, abubuwa sun yi tsanani.

Malam Sajo ya karɓe makullin, ya ce a dawo da abin da ya rage. Sai da Malama ta kafa masa ido sannan ya juya ya ba Bilki haƙuri a gaban kowa.

Bilki ta gyara ɗaurin zaninta, ta dubi Mijinyawa.

"Ka ce wa matar taka ta zo gidana ranar Asabar in koya mata, tun ba ta ƙone hannu ba."