Dutsen Niƙa a Bayan Motar Mati

Da yammacin wata Laraba, tsakiyar daminar 1979, Hansai tana tuƙa tuwo a gidansu da ke Funtua, 'yarta Rabi'atu tana kora kaji akurki, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ba wanda ya ɗaga kai. Unguwa ce mai yara, ga kuma gwaiba a bayan katanga. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo ana cikin kiran sallar magariba. Na huɗun ne ya sauka a gaban murhu a hankali, kamar da hannu aka ajiye shi. Hansai ta ɗauka, ta ji shi da ɗumi, ga garin gero a jikinsa. Ita kuwa dawa ta kai niƙa ranar.

Mijinta Mati direba ne, irin mutanen nan da idan suka ƙulla abu a rai gara ka yi wa bango magana. Yana da wata tsohuwar jif da ya saya a gwanjo, da ita yake kai wa manoman Dayi da Danja takin zamani. Da damina hanyoyin gona sukan koma rami da taɓo, cikin motar ya riƙa gugar ƙasa. Sai ya kai ta garejin Jimoh, bakanike Bayarabe haifaffen Funtua, ya ce a ƙara mata tsayi. Jimoh ya ƙara ganyen sifirin, ƙarafan nan da ke ɗauke da jikin mota a kan tayoyi, ya sa manyan tayoyi, amma bai ɓoye masa ba: mota in ta yi tsayi haka nauyinta ya koma sama, ranar da ta sha kwana da gudu za ta iya kifewa. Mati ya yi dariya, ya ce wannan tsoron 'yan kwalta ne.

Motar ta fi kowace tsayi a tasha, mutane suna tsayawa kallo, abin kuwa yana yi wa Mati daɗi. Sai dai ta fara rangaji a hanya. Jimoh ya ce ko dai a sauke ta, ko aƙalla a sa mata wani nauyi a ƙasan bodi. Mati ya ɗauki rabin shawarar da ya yi masa daɗi. Yana dawowa daga Dayi ya hangi wani ƙaton dutsen niƙa a wani kufai, inda gari ya tashi tun kafin a haife shi. Ciyawa ta rufe ko'ina, amma dutsen fes yake, kamar da safe aka share shi. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a shiga kufai ba sallama, balle a ɗauki abin da ba a ga mai shi ba. Mati bai yi sallama ba, bai yi bisimilla ba. Ya kira wasu manoma biyu suka kama masa, suka ɗora shi a bayan motar.

Daga ranar rangajin ya ragu, wata sabuwa ta ɓullo. Duk kwanar da ya sha sai sitiyari ya yi nauyi, motar ta riƙa ja kamar tana gardama da shi. Jimoh ya duba iskar taya, ya ja igiya daga gaba zuwa baya ya ga tayoyin a miƙe suke, ya ɗaure kowane noti, ya canja shokazoba. Babu abin da ya samu. Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni: da safe ya auna motar a shimfiɗaɗɗen wuri, hagu ta fi ƙasa da yatsa uku, da la'asar ya sake aunawa, dama ce ta sauka.

"Malam Mati, ƙarfe ba ya canja ra'ayi tsakanin safe da yamma," in ji shi. "Ka bar ni in mayar da ita yadda take."

Mati ya ce sai an gama rabon taki.

A gida kuwa jifan bai fasa ba. Rana na faɗuwa zai fara, sai a tsaya jin faɗuwar na gaba, cokali ya tsaya a hannu, magana ta yanke a baki. In ya lafa, sai a ji ƙarar niƙa daga ƙofar gida inda motar take, a hankali, gur, gur. Mati ya fita da tocila ya ga dutse a zaune, ba kowa. Kaji suka daina shiga akurki. Maƙwabta suka koma gaisuwa daga nesa.

Rabi'atu, mai shekara goma sha uku, ita ce takan hau bayan motar ta share takin da ya zube, kuma ta taɓa zama a kan dutsen ta huta. A kwana na bakwai da fara jifan ta daina cin abinci. Sai ka gan ta tana wanke-wanke, farat ɗaya ta miƙe, ta rungumi ginshiƙin rumfa, ta kwanta da jikinta gefe guda tana ja, jijiyoyin wuya a waje, gumi na zuba. Can ta saki ta zube. Lallen da aka ƙunsa mata ranar suna a maƙwabta duk ya goge, tafin hannun ya zama ɗanyen nama. Hansai ce ta lura cewa abin ba ya zuwa sai Mati yana kan hanya. Ta gaya masa tana kuka, ya ce mata ba sa rasa abin faɗa. Amma tsoro ya riga ya shige shi, don washegari da kansa ya aika garin Matazu a ɗauko Malam Buba.

Malam Buba tsoho ne marar yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa bayanta, ya dubi Mati irin duban da ya fi zagi ciwo. Aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da yarinyar, ya sa turare a kasko, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta haye katanga, gidan ya yi tsit, ko ƙuda ba a ji. Sai Rabi'atu ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta yi tari. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce tukuf.

Malam ya tambaye ta ko wace ce, da abin da 'yar mutane ta yi mata. Ta ce sunanta ba na bakin mutane ba ne. A kan dutsen nan take niƙa wa jikokinta tun kafin a yi hanyar Malumfashi. An ɗauke shi tana tsaye, ta biyo shi, ta yi ta jifa don a kula, ba a kula ba.

"To don haka kike jan motarsa ki halaka shi?"

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni ke jan ta? Ni ke tare ta. In ta kwanta hagu in koma dama, in ta kwanta dama in koma hagu. Sau tara ta tashi kifewa, ɗaya da matan kasuwar Danja cike a baya. Ba don shi na yi ba, dutsena ne zai fashe. Na tsufa, Malam, hannuna biyu ba su isa ba. Shi ne na ari na yarinyar."

Hansai ta toshe baki da gyale. Mati ya kasa ɗaga kai.

Aka shiga ciniki. Ta ce sai an yanka mata baƙin bunsuru. Malam ya ce ba a yanka sai don Allah, ya ɗaga murya da karatu har ta ce ya isa. Ta dawo kan mudu uku na gero, ladan kwanakin da jikokinta suka kwana da yunwa. Ya ce za a bayar da shi sadaka, ta yarda. Dutse kuma a mayar inda yake, fuskarsa gabas. Sai ta ƙara da cewa ba za ta sake hawa motar a haka ba, kuma ba za ta saki yarinyar ba sai an rage wa motar tsayi.

Abin kunya, a nan ma sai da bakin Mati ya motsa. Ya ce akwai takin mutanen Dayi ran Juma'a, ko za a jira. Malam ya matsa kusa da yarinyar. Ya kama hannun Rabi'atu ya buɗe tafin, ya juya shi wajen uban. Mati ya duba, ya tashi ko takalmi bai sa ba, ya nufi garejin Jimoh.

Kafin isha'i an cire na ƙarshe daga ganyen sifirin da aka ƙara, a nan ƙofar gida. Motar na zama a kan ƙafafunta na da, yarinyar ta yi atishawa uku, ta ce, "Inna, ƙishirwa." Washegari da hantsi Mati da Jimoh suka kai dutsen. Mati ya tsaya a bakin kufai, ba kowa sai ciyawa, ya yi sallama da ƙarfi har sau uku.

Da suka dawo Jimoh ya hau baya zai share, sai ya kira Mati a hankali. A ƙarfen gefen bodi, hagu da dama, akwai shatin yatsu sun lotsa ƙarfen. Wasu dogaye ne sirara. Wasu ƙanana ne, da jan lalle a cikinsu.

Mati ya shiga gida ya tarar Rabi'atu a gaban kwanon tuwo, hannuwa a naɗe da tsumma, ta kasa gutsura. Hansai ta matso za ta ba ta, ya ce ta bari. Ya wanke hannu, ya zauna a ƙasa, ya gutsuro lomar farko.